Ƙasar da Babu Titi: Zaman Tare na Matuƙan Ƙananan Jirage a Alaska

 

Yau tafiyar tamu mai nisa ce. Za mu je Alaska, can ƙuryar arewa maso yammacin nahiyar Amurka, inda ruwan da ya raba Amurka da Rasha bai kai kilomita 90 ba. Waɗanda za mu je gani su ne matuƙan ƙananan jiragen sama. Yaya suke zaune da junansu? Yaya mutanen ƙauye suke zaune da su? Me ke raya su, me kuma ke kashe su? A gyara zama.

Bari mu fara da ƙasar kanta.

Alaska jiha ce ta Amurka. A hannun Rasha aka saye ta a 1867, kan dala miliyan 7.2, ta kuma zama cikakkiyar jiha a 1959. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita miliyan 1.7, wato ta kusa ninka Najeriya sau biyu. Amma mutanen cikinta ba su kai 750,000 ba. Ku ƙara ji da kyau. Ƙasa ta kusa biyun Najeriya, jama'arta kuwa ko miliyan ɗaya ba su cika ba.

Ga kuma abin da ya haifi shirinmu na yau. Fiye da kashi 80 cikin 100 na garuruwa da ƙauyukan Alaska babu titin mota da ya haɗa su da sauran duniya. Ko Juneau, babban birnin jihar, ba a shigarsa da mota daga waje. Sai ta ruwa ko ta sama. Tsakanin gari da gari akwai tsaunuka, da fadamu, da koguna masu daskarewa rabin shekara. Ƙasar ma a wurare da yawa daskararriya ce daga ƙarƙashi. In aka shimfiɗa kwalta, zafinta ya narkar da abin da ke ƙasa, sai titin ya lotsa.

To, in babu titi, da me za a kai mai naƙuda asibiti? Da me za a kawo gari da sukari? Da ƙaramin jirgin sama. Shi ya sa in aka auna da yawan jama'a, matuƙan jirgi a Alaska sun ninka na sauran Amurka kusan sau shida.

Kashi na biyu: jiragen, da aikin yau da kullum.

Mai saurare, cire hoton babban jirgin alhazai daga ranka. Waɗannan ƙanana ne. Akwai Piper Super Cub, mai kujera biyu tak, matuƙi a gaba, fasinja a bayansa. Akwai Beaver, ƙirar Kanada, wanda ya fara tashi a 1947 kuma har gobe yana aiki. Akwai Cessna iri-iri, babbansu Caravan, mai ɗaukar fasinja tara. Inji ɗaya, farfela ɗaya, matuƙi ɗaya.

Ƙafafun jirgin kuwa lokaci ne ke zaɓa masa su. Da rani, in ruwa ya narke, sai a ɗaura masa dogayen ƙafafu biyu masu siffar kwalekwale, ya riƙa sauka a tafki da kogi. Da hunturu a sauya masa da faffaɗan alluna masu sulɓi, ya riƙa sulalewa a kan ƙanƙara. Wani kuma manyan tayoyi masu taushi ake sa masa, ya sauka a kan tsakuwar bakin kogi inda babu filin jirgi ko kaɗan. A birnin Anchorage akwai tafkin da ake kira Lake Hood. Babu tashar jiragen sauka-a-ruwa da ta kai shi zirga-zirga a duniya. Samun wurin ɗaure jirgi a bakinsa sai mutum ya yi shekaru a layi.

Yanzu mu leƙa Bethel, wani gari a yammacin jihar, ƙasar mutanen Yup'ik. Ƙauyuka fiye da 50 ne suka dogara da shi. Da sassafe matuƙi zai zo, ya share ƙanƙarar da ta kwanta a fukafukai, ya duba mai, ya auna kaya. Shi ne direba, sau da yawa shi ne ɗan dako. Me ke cikin jirgin? Wasiƙu, magunguna, katan-katan na madara, malamin makaranta, tsohuwa mai zuwa ganin likita. 'Yan ƙwallon kwando na sakandare ma, in za su yi wasa da ƙauyen maƙwabta, jirgi suke hawa. Mai juna biyu kuwa, in ya rage mata kamar wata guda, ana ɗauko ta zuwa Bethel, ta zauna a wani gida da aka tanada kusa da asibiti har ta sauka. In rai ya yi halinsa a asibiti, jirgin nan ne zai mayar da gawa gida.

Kayan shago suna da nasu tsarin. Tun 1972 gidan wayan Amurka ya amince ɗan kasuwa ya haɗa kaya masu nauyin aƙalla kilo 450, ya miƙa su kai tsaye ga kamfanin jirgi, ya biya kuɗin aika ƙunshi ta gidan waya, gwamnati ta cike sauran. Ba don wannan rangwame ba, da abinci a ƙauyukan ya fi ƙarfin talaka. Ko da shi ɗin ma, tsadar ba a magana.

Akwai wani mutum da ba a cika ambatonsa ba, alhali aikin ba ya tafiya sai da shi. Shi ne wakilin jirgi na ƙauye. Ɗan garin ne, ko 'yar garin. Shi zai fito ya dubi sama, ya dubi titin tsakuwa, ya kira Bethel ya ce, “Ina hango dutsen nan na gabas, iska daga arewa take, akwai ƙanƙara a ƙarshen titi.” In jirgi ya sauka, shi zai zo da babur mai taya huɗu ya kwashe kaya. Bai taɓa riƙe sitiyarin jirgi ba. Amma da idonsa matuƙi ke ganin inda zai je.

Wannan ya kawo mu kashi na uku, kuma a nan zan ɗan daɗe. Maganar ita ce labarin yanayi.

Masu saurare, kun san yadda hazon hunturu ke rufe Kano ko Maiduguri, har a soke tashin jirage don matuƙi ba ya ganin titi. To nasu hazon fari ne fat. Ƙasa fara, sama fara, babu inuwa, babu layin da ya raba su. Matuƙi yana iya tunkarar tudu yana tsammanin sarari ne. Yawancin ƙananan jiragen nan kuma da ido ake tuƙa su, ƙasa-ƙasa, ana bin kogi, ana ratsa mashigin tsaunuka. Mashigi kuwa yana iya zama a buɗe da hantsi, kafin azahar gajimare ya toshe shi.

Yaya za ka san halin da mashigi yake ciki kafin ka shiga? Sai wanda ya riga ka ya faɗa maka.

A mafi yawan wuraren nan babu hasumiyar da ke ba jirage umarni. Abin da ke akwai shi ne tasha ɗaya ta rediyon oba-oba da duk matuƙan yankin ke buɗewa. Kowa yana faɗin kansa da kansa. Ya faɗi irin jirginsa, da inda yake, da tsayin da yake kai, da inda ya nufa. Ya ce, “Ina shiga mashigi ta gabas, ina riƙe da hannun dama.” Na ɗaya ɓangaren ya ji, shi ma ya riƙe nasa hannun daman, su wuce juna lafiya. In ya fito, sai ya ba da rahoto. Gajimare yana tsayi kaza, ana gani zuwa nisa kaza, akwai iska mai jijjiga a wuri kaza. Hukumar jiragen sama tana karɓar irin wannan rahoto ta rarraba shi ga duk mai buƙata.

Abin lura a nan shi ne, mai ba da rahoton da mai karɓa sau da yawa kamfanoninsu kishiyoyi ne. Fasinja ɗaya suke nema. Amma labarin yanayi ba a ɓoye shi, ba a kuma yi masa ƙari. Wanda ya ce hanya a buɗe take alhali a rufe take, don kada a ce ya ji tsoro, to ya sa ran ɗan'uwansa a haɗari, kuma ya zubar da mutuncinsa a gari. Ku riƙe wannan. Labarin yanayi amana ne, ba a ɓoye shi, ba a yi masa ƙari.

Sauran ilimin kuma a bakin tsofaffi yake. Wane tafki ne ƙanƙararsa ke yaudara, sama da tauri, ƙasa da ruwa? Wace tsakuwar bakin kogi ce ambaliyar bana ta kwashe? Taswira ba ta faɗin wannan. A rumfar gyaran jirgi ake jin sa, ana shan kofi, makanike yana kwance inji. Su ma makanikan nan, darajarsu a wurin matuƙa ba ƙarama ba ce. Matuƙan farko, in dare ya yi a daji, sai su tsiyaye baƙin man inji a gwangwani, su shiga da shi ɗaki kusa da murhu. Da asuba su lulluɓe injin da tamfol, su kunna wuta a ƙarƙashi, su tsaya a kai don kada jirgin ya kama. In ya yi ɗumi, su juye mai, su tayar. A Fairbanks sanyi yana kaiwa digiri 40 ƙasa da sifili. A irin wannan sanyi baƙin mai ba ya gudu.

Kashi na huɗu: in wani bai dawo ba.

A nan sai mun koma tarihi. A watan Fabrairu na 1924 wani malamin makaranta a Fairbanks, Carl Ben Eielson, ya ɗauki wasiƙu a jirgi zuwa garin McGrath. Tafiyar da keken karnuka ke yi cikin makonni, ya yi ta cikin 'yan sa'o'i. Don ku gane zamanin, a shekarar da ta biyo baya ne, 1925, jiragen sama na farko suka sauka a Kano.

A watan Nuwamba na 1929 wani jirgin ruwa mai suna Nanuk ya maƙale a ƙanƙara a gaɓar Saberiya. Eielson da makanikensa Earl Borland suka tashi don kwaso mutane da kaya. Ba su isa ba. Tsakiyar hunturu ce, rana da ƙyar take leƙowa. Duk da haka abokan aikinsa suka bar harkokinsu suka shiga nema. Matuƙan Kanada suka zo. Na Tarayyar Sobiyet ma suka zo, alhali a lokacin Amurka ba ta ma amince da gwamnatinsu ba. A ƙarshen Janairu na 1930 Joe Crosson da Harold Gillam suka hango tarkacen jirgin. Aka yi ta haƙar ƙanƙara har aka samo gawarwakin biyu, aka mayar da su gida.

Shi Gillam ɗin, sabon shiga ne a lokacin. Shekaru 13 bayan haka, a Janairu na 1943, nasa jirgin ya faɗi a tsaunukan kusa da Ketchikan. Ya tattara fasinjojinsa, ya haɗa musu mafaka, ya fita da ƙafa neman taimako. Sanyi ya kashe shi a hanya. Fasinjoji huɗu sun tsira, bayan kusan wata guda a daji.

Daga irin waɗannan ne al'adar ta kafu. In jirgi ya wuce lokacin dawowarsa, hukumomin ceto suna tashi, sojoji suna tashi, amma maƙwabta ma ba sa jiran a kira su. Kowa da jirginsa, kowa da fetur ɗinsa. Wanda ka nema yau, shi zai neme ka gobe.

Ba kullum ake dacewa ba. A watan Oktoba na 1972 wani ƙaramin jirgi ya tashi daga Anchorage zuwa Juneau, ɗauke da 'yan majalisar wakilan Amurka biyu, Hale Boggs da Nick Begich. Kwana 39 ana nema. Har yau ba a ga ko ƙusa ba. In manya irin waɗannan za su ɓace haka, ina ga mai jigilar wasiƙu?

Shi ya sa matuƙi ba ya tashi sai ya bar wa wani bayanin hanyarsa da lokacin dawowarsa. Jirgin yana ɗauke da wata na'ura wadda in ya bugi ƙasa take fara aika kira zuwa tauraron ɗan'adam. Dokar jihar kuma ta lissafa guzurin da dole ya kasance a ciki. Abincin mako guda ga kowane mutum. Gatari, wuƙa, abin kunna wuta, kayan kamun kifi, akwatin taimakon gaggawa, abin yin alama ga masu nema. Daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Afrilu a ƙara bargo, da jakar barci, da takalman tafiya a kan ƙanƙara. Har da ragar rufe fuska saboda sauro. I, sauro! Kada ku yi dariya. Da rani, in fadamun nan suka narke, sauron Alaska ba ya jin kunyar kowa.

To, ba kullum ake cikin jimami ba. Bari mu ɗan sha iska.

Kowane watan Mayu matuƙa suna taruwa a garin Valdez, da iyalansu, wasu su kafa tanti a ƙarƙashin fiffiken jirginsu. Gasar da ake yi ita ce, wa zai tashi ko ya sauka a tazara mafi gajarta? An taɓa saukar da jirgi ya tsaya cik a tazarar da ba ta kai mita 4 ba. Wasa ne, amma wasan da ke koya wa mutum sauka a bakin kogi ranar da babu zaɓi.

A watan Maris kuma akwai tseren keken karnuka na Iditarod, kusan kilomita 1,600 zuwa garin Nome. Abincin karnuka, da ciyawar shimfiɗarsu, da likitocin dabbobi, matuƙa 'yan sa-kai ne ke kai su zango-zango da jiragensu, ba albashi. Akwai abin sha'awa a nan. A 1925 cutar mashaƙo, wadda mu ma muka sha fama da ita a 'yan shekarun nan, ta ɓarke a Nome. An yi shawarar kai magani da jirgi, aka ga jiragen lokacin ba za su jure sanyin ba. Karnuka ne suka kai shi, cikin kwana biyar da rabi. Yau jirage ne ke yi wa karnukan dako.

Har auratayya sana'ar ta haɗa. Don Sheldon na garin Talkeetna, wanda ya yi suna wajen sauke masu hawan dutse a kan ƙanƙarar Denali, tsauni mafi tsayi a Arewacin Amurka, 'yar Bob Reeve ya aura. Shi kuwa Reeve, yana cikin waɗanda suka fara sauka a kan irin wannan ƙanƙara tun shekarun 1930.

Yanzu kashi na ƙarshe, kuma shi ne mai ɗaci.

Jama'ar da ke riƙe da matuƙi, ita ce kuma ke matsa masa. A yi kwana uku hazo bai ɗaga ba. Shago ya ƙare. Mutane sun cika ɗakin jira. Wani yana da ganin likita, wata za ta jana'izar mahaifinta. Duk sun san matuƙin, shi ma ya san su. Sai wani ya ce, “Ai jirgin wancan kamfanin ya tashi.” Matuƙin nan wataƙila yaro ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya zo daga kudancin Amurka don ya tara sa'o'in tuƙi, ya samu aiki a babban kamfani. Bai san ƙasar ba tukuna. Ba ya so a ce masa rago. Ga kuma labaran mutanen da, waɗanda ake yabo don sun ratsa guguwa sun dawo. Waɗanda suka ratsa ba su dawo ba, su ba sa ba da labari.

Ku ji abin da wannan ya jawo. Hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ƙirga cewa daga 1990 zuwa 1999 matuƙa 107 ne suka mutu a bakin aiki a Alaska. A jihar da mutanenta ba su cika miliyan ba. Babban musababbin shi ne, jirgi lafiyarsa ƙalau, matuƙi ya kutsa cikin hazo da ido kawai, ya bugi tudu.

An yi gyara, kuma ya yi amfani. Daga 1999 aka fara kafa kyamarori a mashigan tsaunuka da filayen ƙauyuka. Matuƙi yana zaune a ofis zai duba hoton mashigin na 'yan mintocin da suka wuce. A yankin Bethel aka gwada wata na'ura mai nuna wa matuƙi taswirar tuddai da sauran jiragen da ke kusa da shi. Fasahar da aka gwada a can ta bazu, manyan jiragen duniya da ita suke sanar da inda suke a yau. Kamfanoni da yawa kuma sun sa doka cewa ba matuƙi kaɗai zai yanke shawarar tashi ba, sai shi da wani a ofis sun yarda tare. In ɗaya ya ce a'a, an fasa.

A ganina, wannan dokar ta ƙarshe ta fi kyamarar muhimmanci. Kyamara tana nuna maka hazo. Ba ta cire maka kunyar kallon idon mutanen da ke jira. In mutum biyu suka raba nauyin cewa a'a, sai ta yi sauƙin faɗa. An kuma yi ta wayar da kan fasinjoji cewa su ma suna da hannu a ciki. Kada ka matsa wa matuƙi. In ya ce yau ba zai tashi ba, ka ce masa madalla. Na sake faɗa: in ya ce yau ba zai tashi ba, ko ya juyo daga rabin hanya, kada a yi masa gori.

Haɗarin ya ragu, amma bai ƙare ba. Sanata Ted Stevens, wanda ya tsaya tsayin daka kan tsarin rangwamen kayan shagon nan da muka ambata, ya tsira daga haɗarin jirgi a 1978, matarsa ta rasu a ciki. A 2010 shi ma wani ƙaramin jirgi ya faɗi da shi kusa da Dillingham, ya rasu. A watan Fabrairu na 2025 wani Caravan ya faɗi a kan ƙanƙarar teku a hanyarsa ta zuwa Nome, mutum 10 suka riga mu gidan gaskiya. Kayan shago da marasa lafiya kuwa ba su daina jiran jirgi ba, don babu wata hanyar.

Abin da mutanen ƙauyukan suka daɗe suna nema shi ne 'ya'yansu su zama matuƙa. Baƙo yana yin shekara biyu ya tafi da abin da ya koya. Ɗan gida ya san kogin tun yana yaro, yana jin harshen tsofaffi, kuma ba ya zuwa ko'ina. Ellen Paneok, daga al'ummar Inupiat, ita ce mace ta farko cikin 'yan asalin Alaska da ta zama matuƙiya. Ta yi shekaru tana jigilar wasiƙu da marasa lafiya a arewacin jihar, yankin Utqiagvik, inda rana ke faɗuwa a watan Nuwamba ba ta sake fitowa sai ƙarshen Janairu. Daga baya ta zama mai duba lafiyar harkar jirage a hukumar tarayya, tana kuma zagaya makarantu tana jan yara zuwa ga sana'ar. Ta rasu a 2008. Samun lasisin tuƙin haya yana cin dubban daloli masu yawa, abin da ya fi ƙarfin yawancin gidajen ƙauye. Shi ya sa ƙungiyoyin 'yan asalin ƙasar da ƙungiyar matuƙan Alaska suke ba matasa tallafin karatu kowace shekara.